Sifana ta taɓa altaneta, 504 ta mutu, fiyus kuma duk lafiya: daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jos, ina da Peugeot 504 ta fetur, haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina. Ranar Asabar ina ɗaure fanbel, injin a kashe amma ban cire kan batir ba, sai sifana ta zame ta haɗa babban notin bayan altaneta da jikin injin. Tartsatsi ya tashi, sifanar ta manne na ɗan lokaci, na ji ƙaurin roba. Tun daga nan idan na murɗa makulli fitilun dashbod sukan kawo dishi-dishi, da na kai wajen tayarwa sai in ji "ƙas" komai ya ɗauke. Na duba fiyus, babu wanda ya ƙone. Wani mai wayarin ya ce sai an sauya wayarin motar gaba ɗaya har da altaneta. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, kada ka ba da kuɗin wayarin tukuna. Mai yiwuwa a ƙarshe a taɓa wayarin, amma babu wanda zai iya yanke wannan hukunci da ido kawai, bai ɗora mitar awon wuta a kan motar ba.

Lokacin da sifanar ta manne, wuta ta bi hanya guda sananniya. Ta fito daga kan batir na fositif, ta bi wayar caji zuwa notin nan na bayan altaneta, ta ratsa sifana ta shiga jikin injin, ta bi wayar at da ke haɗa injin da bodi, ta koma kan batir na negetif. Batirin mota idan aka haɗa kawunansa da ƙarfe yakan tura ɗaruruwan amfiya nan take, alhali wayar caji an yi ta ne don ɗaukar abin da bai wuce 40A zuwa 50A ba. Ɓarnar tana kan wannan hanya, kuma duka-duka tsawonta bai fi mita biyu ko uku ba. Fitilun baya, hon, wayifa da sauran abubuwan da ke rataye bayan akwatin fiyus ba su ma san an yi ba. Shi ya sa ka tarar da fiyus ɗinka lafiya: haɗuwar ta faru ne kafin wuta ta iso gare su. A tsofaffin motoci irin wannan, babbar wayar kik da wayar caji ba su da fiyus ko kaɗan, don haka waya da mahaɗanta ne suka sha zafin.

Kasancewar injin a kashe yake shi ma labari ne mai daɗi ga altanetar. Dayod ɗin da ke cikinta, wato ƙananan abubuwan da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, sukan mutu ne idan aka juya kawunan batir, ko aka yi haɗuwar injin yana aiki. Injin a tsaye, wutar batir ta tsaya ne a kan notin ta bi sifana, ba ta ratsa dayod ba. Saboda haka sau da yawa altanetar takan tsira. Abin da ya fi lalacewa a jikinta shi ne 'yar robar da ke raba wannan noti da kwanon altanetar, za mu zo kanta.

Kafin komai, cire kan negetif ka ajiye shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba. Kullum negetif ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe, domin idan sifana ta taɓa bodi kana kwance negetif babu abin da zai faru, su biyun abu ɗaya ne. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka. Kuma na san Jos ba ta rasa gangara, za a samu mai ce maka a tura ta kawai ta tashi. Kada ka yarda. Idan akwai wayar da robarta ta narke a cikin ɗaurin wayoyin motar, girgizar injin za ta iya haɗa ta da ƙarfe kana tsakiyar titi, ga kuma fetur a kusa da kafireto. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Fara da batir. Duba jikinsa ko ya kumbura, ko ya tsage, ko dalmar kan ta narke ta yi rami. Idan akwai asid a waje, wanke da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin ramukan batirin. Sa mita a 20V DC ka ɗora tsinkayenta a kan dalmar kanta, ba a kan maƙalar waya ba. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6V. Idan ka ga 12.2V ya kai kusan rabi, 12.0V kuwa ya kusa ƙarewa, sai an yi masa caji kafin duk wani gwaji ya yi ma'ana. Adadin da za ka ji tsoro shi ne wajen 10.5V. Batir ɗakuna shida gare shi, kowanne 2.1V, to idan an yi masa caji ya tsaya a 10.5V, ɗaki ɗaya ya mutu ke nan, ƙarin caji ba zai dawo da shi ba. Akwai kuma mugun hali da haɗuwar waya ke jawo wa batir: mahaɗin da ke tsakanin ɗakuna a ciki ya tsage, batirin ya nuna 12.6V lafiya lau, da an ɗora masa nauyi ya faɗi ƙasa warwas. Wannan sai gwajin nauyi ke tona shi. Idan batirin ya kwana biyu, sanyin Jos na Disamba da Janairu ma kaɗai yakan rage masa ƙarfi, balle an ƙara masa da wannan duka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka aro lafiyayyen batir daga motar da ke tashi kullum, ka yi sauran gwajin da shi.

Yanzu bi wayar caji da ido da hannu, tun daga bayan altaneta har inda ta ƙare, ko a kan batir ko a babban notin kik, ya danganta da shekarar motar da hannayen da suka taɓa ta. Abin da kake nema: roba da ta kumbura ko ta yi ƙyalli, wurin da ya yi tauri kamar busasshen kara, tef ɗin ɗauri da ya yanƙwane, da wari. Hanci yana aiki sosai a nan. Inda wayar ta shiga cikin ɗauri tare da 'yan uwanta, yanka tef ɗin a tsaye da reza a hankali ka buɗe, ka ci gaba da buɗewa har sai ka wuce wurin ƙuna da kamar taƙi ɗaya. Waya mai zafi takan narka robar maƙwabtanta su manne, tagulla ta taɓa tagulla, daga nan ne ake samun abin mamaki irin fitilar mai ta kama idan an kunna wata aba dabam. Sannan kama notin bayan altanetar ka girgiza. Idan yana motsi, ko robar gindinsa ta yi baƙi ta farfashe, to yana iya taɓa kwanon, wato haɗuwar tana nan ba ta tafi ba.

Kada ka mayar da batir kai tsaye don ka ga abin da zai faru. Nemo ƙwan sigina ko na birki mai wat 21, ka haɗa masa wayoyi biyu. Mayar da kan fositif, negetif kuwa bar shi a cire, ka sa ƙwan tsakanin dalmar negetif da maƙalar da ka cire. Makulli a kashe, ƙofofi a rufe, rediyo a cire. Duk wutar da za ta shiga motar yanzu sai ta ratsa ƙwan, shi kuma ba ya barin abin da ya kai 2A ya wuce, don haka ko da akwai haɗuwa babu wayar da za ta yi zafi. Ko sifana ta sake zamewa, ƙwan ne kawai zai haska. Idan ƙwan bai kama ba, babu haɗuwar da ta rage a hanyoyin da ke da wuta kullum. Idan ya kama da haske sosai, akwai. Sai ka kwance wayar bayan altaneta ka naɗe bakinta da tef. Ƙwan ya mutu? Laifin yana cikin altaneta, robar noti ko dayod. Bai mutu ba? Ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya kana kallon ƙwan. Idan ka cire su duka yana nan da haskensa, haɗuwar tana cikin ɗaurin waya tsakanin batir, kik da makulli, sai ka riƙa motsa ɗaurin taƙi-taƙi, inda hasken ya yi rawa nan ne.

To amma alamun da ka bayar, fitilu dishi-dishi sannan "ƙas" komai ya ɗauke, sun fi kama da mahaɗin da ya ƙone ya rage 'yar hanya siririya. Wutar fitilar dashbod kaɗan ce, tana iya lallaɓawa ta wuce. Kik kuwa yana neman 100A zuwa 200A, da ya ja sai hanyar ta shaƙe. A nan ne masu gyara da yawa ke ɓata: su sa mita a ma'aunin ohm ko mai ƙara, ta yi "ɗiii", su ce wayar lafiya. Waya mai silin tagulla talatin, ko ɗaya ne ya rage bai tsinke ba mita za ta yi ƙara, kuma za ka ga 12V a ƙarshenta muddin babu abin da ke jan wuta. Ba a gane irin wannan ciwo sai wuta tana gudana.

Ga yadda ake yi. Bayan ƙwan ya tabbatar maka babu haɗuwa, goge dalmar batir da cikin maƙalai da samfefa har su yi haske, ka ɗaure su tamau. Giya a firi, hambirki a ja. Cire ƙaramar wayar fositif ta kwayil don kada motar ta tashi hannunka yana ciki, ka naɗe bakinta. Sa wani ya zauna ya murɗa makulli, kai kana riƙe da mita a kan dalmar batir biyu. Idan adadin ya faɗi ƙasa da 9.6V, batirin ne ba shi da ƙarfi, ko kuma kik ɗin ya cije yana jan fiye da kima. Idan kuwa ya tsaya wajen 12V bai ko motsa ba alhali dashbod ya ɗauke, batirin ba shi da laifi, wutar ce ba ta samun hanyar fita.

Daga nan sai ka auna abin da ke ɓacewa a hanya. Tsinke ɗaya a kan dalmar fositif, ɗayan a kan babban notin kik, a murɗa makulli. Tunda waya ɗaya ce ta haɗa su, mita ya kamata ta nuna kusan sifili, kada ta wuce 0.5V. Sai ɓangaren dawowa: tsinke ɗaya a kan dalmar negetif, ɗayan a kan tsabtataccen ƙarfe a jikin injin, a sake murɗawa, kada ya wuce 0.3V. Yi haka kuma tsakanin negetif da bodi. Ɓangaren da ya nuna maka 3V, ko 6V, ko ma 11V, shi ne mai ciwon. Sai ka bar tsinke ɗaya a kan dalma, ka riƙa matso da ɗayan baya mahaɗi bayan mahaɗi: daga noti zuwa kunnen waya, daga kunnen waya zuwa maƙala, daga maƙala zuwa dalma. Inda adadin ya faɗo daga babba zuwa kusan sifili, ka tsallake wurin ƙunar ke nan. Wanda ba shi da mita yana iya murɗa makulli na daƙiƙa biyar ya shafa mahaɗan da bayan yatsa a hankali, mai laifin zai yi zafi. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma a jere.

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya, wayar at ta injin zan fara zarga. Saƙaƙƙiyar tagulla ce, shekara da shekaru tana shan mai da laimar damina, ta yi kore, silinta sun tsittsinke tun kafin ranar Asabar. Haɗuwar ta zo ta ƙarasa ta ne. Gwajinta minti ɗaya ne: ɗauki guda ɗaya daga wayoyin da ake jan wuta da su daga batirin wata mota, ka maƙala baki ɗaya a negetif, ɗayan a jikin injin, a murɗa makulli. Idan kik ya juya da ƙarfi, ka gama bincike. Kuma idan ita ce, duba kebul ɗin totur da na cok idan motarka tana da shi. Wuta idan ta rasa hanyar komawa takan bi ta cikinsu, robar cikinsu ta narke, totur ya fara cijewa. Wannan haɗari ne a kan hanya, a sauya shi.

Wajen gyara, ba a ɗaure ƙonanniyar waya da tef a ce an gama. Tagullar da ta sha wuta takan yi duhu ta yi gautsi, ba ta kama dalma, kuma za ta ci gaba da yin zafi. A cire wayar caji ɗungurungum daga baki zuwa baki. Duba ƙarfin altanetar a jikin farantinta: mai 35A zuwa 40A waya mai kaurin 6mm² ta ishe ta, idan an taɓa sa wa motar babba mai 55A ko fiye a sa 10mm². Wayar batir da ta at kada su gaza 25mm². A matse kunnen waya da abin matsewa na gaskiya, a bi da dalma idan ana so, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif gyaran gangar Abzinawa ne. Wurin da at ke zama a bodi a kankare fenti da tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure, sannan a shafa giris a sama. Sabuwar wayar ta bi hanyar tsohuwar, nesa da salansa da fanbel, kuma duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Idan ka shiga Dilimi sayen waya, tafi da reza. Akwai waya a kasuwa da ake shafa wa alminiyom ruwan tagulla a sama. Kankare silin: idan cikinsa fari ne, ajiye ta. Ba ta da nauyi a hannu, ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla mai kauri ɗaya da ita, kuma takan karye a bakin kunne. Sau da yawa wayar da aka ciro daga ɗaurin tsohuwar mota 'yar Beljiyam ta fi sabuwar ta kwali. Wani abu kuma game da Peugeot na wancan zamani: da lamba suke bambanta wayoyinsu a kusa da bakin kowacce, launi ba ya gaya maka komai sosai. Goge bakin wayar da tsumma ka karanta lambar, ka ɗauki hoto da wayar hannunka kafin ka cire komai. A motar da kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya fara haɗawa a Kaduna tun 1975, wadda ta ratsa hannun masu gyara iri-iri, za ka tarar da wayoyin da ba na asali ba, su ma ka yi musu alama da kanka.

Idan kik ya juya amma motar ta ƙi tashi, fara tabbatar ka mayar da wayar kwayil da ka cire. Makulli a kunne, fositif na kwayil ya nuna wajen 12V, ko ƙasa da haka, 7V zuwa 9V, idan akwai resista a gabansa kuma kwantak, wato bakin ƙarfe biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiributa, a rufe yake. Sa ƙaramar fitilar gwaji tsakanin negetif na kwayil da jikin injin, a juya injin: ya kamata ta riƙa kamawa tana mutuwa. Idan ta tsaya a kunne, kwantak ba ya rufewa da kyau, ya ƙone ko ya yi datti. Idan ta ƙi kamawa sam, ko kwandansa ya haɗe, ko 'yar wayar cikin distiributa tana taɓa jiki, ko kwayil ya yanke a ciki. Tsakanin ƙananan notinsa biyu kwayil mara resista yakan nuna ohm 3 zuwa 4, mai resista wajen 1.5. Tazarar kwantak 0.4mm ce. Galibi ba sifana ce ke kashe waɗannan ba. Barin makulli a kunne na tsawon lokaci ana bincike, kwantak a rufe, shi ke dafa kwayil ya ƙona kwantak, saboda haka riƙa kashewa tsakanin gwaji da gwaji.

Da ta tashi, sai hukuncin altaneta. Ɗaga totur kaɗan zuwa wajen juyi 2,000, auna kan batir: 13.8V zuwa 14.4V ake so, kuma kada ya sauka ƙasa da 13.5V sosai idan an kunna manyan fitilu. Idan ya tsaya a 12 da ɗoriya ba ta caji, amma kafin a kwance ta duba fanbel ɗin da kake ɗaurewa ranar, da ƙananan wayoyin bayanta, da katawut, wato abin da ke daidaita ƙarfin caji, idan irin na waje ne da ke manne a bodi, shi ma yana buƙatar at mai kyau. A motocin da ke da jar fitilar caji, ƙwan fitilar ne ke ba altaneta wutar farko, idan ya mutu caji yana iya ƙin farawa. Sama da 15V kuwa katawut ya lalace, zai tafasa batir ya ƙona ƙwayaye. Dayod mai yoyo alamarsa batir ya kwana lafiya ya wayi gari babu komai. Kashe injin, sa mita a 10A tsakanin dalmar negetif da maƙalarta: mota irin wannan da ba ta da kwamfuta bai kamata ta ja fiye da 0.05A ba, in ka ga rabin amfiya ko fiye kuma ya ɓace da ka cire wayar altaneta, a sauya farantin dayod ɗin kawai, ba sai an sayi altaneta sukutum ba. Wannan al'ada ta cire kan batir injin yana aiki don a ga ko tana caji, hana duk wanda ya zo yi maka ita. Zamanin dainamo aka gaje ta, a kan altaneta kuwa ita kanta ke kashe dayod da katawut.

Sauya wayarin gaba ɗaya yana da lokacinsa: idan ka lanƙwasa waya a wurare dabam-dabam robarta tana farfashewa kamar ƙosai busasshe, ko narkewar ta bi ɗauri ta shige ƙarƙashin dashbod ta haɗe wayoyi da yawa, ko ɗaurin ya riga ya zama faci a kan faci. In ba haka ba, waya ɗaya ko biyu da at sabuwa sun wadatar. Duk wanda zai yi aikin, ko a Farin Gada ko a ƙofar gidanka, ce masa ya nuna maka adadin da mita ta ba shi a kowane ɓangare kafin ya kwance komai.

Tunda an buɗe wurin, a ƙara abin da kamfani bai sa ba: babban fiyus a kan wayar caji, kusa da inda take karɓar wuta daga batir, cikin santimita 20. Mai 50A ya dace da waya 6mm² da ƙaramar altaneta, mai 70A ko 80A da waya 10mm². Kada a sa shi a kan babbar wayar kik, zai ƙone a tayarwar farko. Notin bayan altaneta a sa masa hular roba. Ƙananan fiyus na cikin akwati kuma a duba ko akwai wanda aka naɗe da silin waya ko takardar sigari, a cire shi a sa mai lambar da aka rubuta a wurin.